Direba ya ce ƙwayar ta ƙanena ce: maganarsa kaɗai za ta iya ɗaure shi?

Abban_Hanifa
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Tambaya gare ni ga lauyoyinmu da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali. Ƙanena yana da shagon kayan masarufi, shekara huɗu ke nan direba ɗaya ne ke ɗauko masa kaya daga kudu. Watanni biyu da suka wuce aka tare motar a hanya, aka sauke kaya, sai ga katan-katan na tiramol mai lamba 225 a ƙarƙashin na sabulu. Direban ya ba da bayani a rubuce cewa ƙwayar ta ƙanena ce, shi ɗan aike ne kawai. An binciki shago, an binciki gida har cikin silin, ba a samu komai ba. Duk da haka an gurfanar da su tare a Babbar Kotun Tarayya, ana tuhumarsu da haɗin baki da safara. Mahaifiyarmu ta daina barci. Shin wannan takardar ta direba ita kaɗai ta isa a ɗaure yaron nan?

SarkinYawa
Wa alaikumus salam. Allah ya fitar da shi in ba shi da hannu. Amma ni a sanina da zarar an ambaci sunanka a maganar ƙwaya to sai dai addu'a.

LauyanTalakawa
SarkinYawa, addu'a dole ce, amma abin da ka faɗa ba shi ne doka ba, kada mu ƙara wa mutane hawan jini.

Abban Hanifa, amsar a taƙaice ita ce a'a. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 29 ƙaramin sashe na 4, ta yi maganar wannan ƙarara. Idan an gurfanar da mutane tare, ɗayansu ya yi iƙirari, kotu ba za ta yi amfani da iƙirarin a kan sauran ba, ko da a gabansu ya yi shi, sai fa idan wanda aka ambata ya rungumi maganar da bakinsa ko da aikinsa. Iƙirari mai shi yake ci. Dalilin kuwa a fili yake: lokacin da direba ke magana a ofis bai yi rantsuwa ba, lauyan ƙanenka bai samu damar titsiye shi da tambayoyi ba, kuma mutum ne da ke neman inda zai sauke kayan da ke kansa.

Sai dai kada ka je ka ce wa Hajiya an gama. Akwai ƙofofin da maganar direban za ta iya biyowa ta shigo. Kafin in lissafa su, faɗa mini: an taɓa haɗa su biyun wuri ɗaya aka karanta bayanin? Me ƙanenka ya ce?

Ɗan_Kwanar_Dawaki
Ni direba ne, shekara goma sha tara ina kan hanyar Legas da Onica. Ku bar ganin laifin direba kullum. Ana kawo maka katan a naɗe da salatif, an rubuta lambar waya a jiki, ɗan kamasho ya karɓi nasa, kai ka ɗora. Wa ke buɗe katan ɗari uku yana dubawa? Ran da abin ya fashe mai kaya ya kashe waya, kai ne a hannu. Ban ce ƙanenka ne ba, Alhaji, amma direba ma ɗan wani ne.

Abban_Hanifa
Barista, an haɗa su. Ya ce mini an karanta takardar a gabansa, shi kuma kuka ya ci ƙarfinsa, bai ce komai ba sai "Allah ya isa". Daga baya a nasa bayanin ya musanta, ya ce sabulu da taliya kawai ya yi oda.

SarkinYawa
To ai ka ji. An karanta a gabanka ka yi shiru. Bahaushe ya ce shiru ma amsa ce.

AlmajirinZaure
A zaure wataƙila, amma ba a gaban alƙali ba. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa ba a jingina wa wanda ya yi shiru magana. Kuma abin da Barista ya kawo daga dokar boko, mu tun a littattafan hukunci muka karanta shi: iƙirari hujja ce gajeriya, ba ta wuce wanda ya yi ta. Ku tuna hadisin ɗan ƙodagon nan da aka ce ya yi lalata da matar maigidansa. An tabbatar da hukunci a kan saurayin, amma ita matar ba a hukunta ta da maganar da aka yi a bayan idonta ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya aiki Unaisu ya je ya ji ta bakinta, ya rataya hukuncinta a kan nata iƙirarin. Laifi ɗaya, mutum biyu, amma kowa da bakinsa. Hujja tana kan mai da'awa.

LauyanTalakawa
Allah ya gafarta Malam, ka rage mini aiki. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 35 ƙaramin sashe na 2, ya ba wanda aka kama 'yancin yin shiru har sai ya ga lauyansa. Ba zai yiwu doka ta ba ka 'yancin yin shiru da hannun dama, ta karɓe da hagu ta ce shirun naka amsa laifi ne ba. Runguma ita ce mutum ya ce "haka aka yi", ko ya sa hannu a kan cewa ya yarda da abin da ke ciki, ko ya fara roƙon a rufa masa asiri. "Allah ya isa" kuwa duk Bahaushe ya san ta wanda aka zalunta ce. Abin da nake so lauyanku ya duba da idonsa shi ne ko an sa yaron ya sa hannu a bayan takardar direban, kuma me aka rubuta a saman sa hannun. Sa hannun "na karɓi kwafi" daban, na "na amince" daban.

Maman_Ikram
Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba za ku so ji ba. Ɗan yayata shekararsa ashirin da biyu, tiramol da kodin sun mayar da shi abin tausayi, sau biyu muna kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Manyan dilolin nan ba sa taɓa kaya da hannunsu. Ba za ka taɓa samun ko ƙwaya ɗaya a gidansu ba. Yaransu ne ke ɗauka, direbobi ne ke ɗauka. In an ce maganar yaron ba ta kama maigida, to yaushe za a kama maigidan? Kullum sai dai a tara ƙananan a gidan yari, shi yana gina bene. Kuma Abban Hanifa, ba don in ɓata maka rai ba, ka haifi ɗa ne ba ka haifi halinsa ba, balle ƙane.

Abban_Hanifa
Hajiya ban ji haushi ba. Allah ya ba ɗanku lafiya. Ni ma na zaunar da shi na tambaye shi tsakaninsa da Allah. Abin da nake nema a yi masa shari'a da hujja, in ya yi a hukunta shi.

Malamin_Lissafi
Damuwar Maman Ikram ba ƙarama ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a Najeriya a shekarar da ta gabaci binciken. A 2018 ɗin ce ma gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Don haka in jama'a sun ƙosa a ɗaure dila, da dalilinsu.

LauyanTalakawa
Hajiya, doka ba ta ce a jefar da maganar yaron a kwandon shara ba. Cewa ta yi maganar ta zama farkon bincike, kada ta zama ƙarshensa. Ga ƙofofin da na ce zan lissafa.

Ta farko, idan bayanin direba ya kai jami'ai ga gano wani abu, misali ya ce akwai sito a wuri kaza, aka je aka samu kaya da makulli a hannun wanda ya ambata, to abin da aka gano hujja ce mai zaman kanta. Sashe na 30 na Dokar Shaida ya ba da wannan dama.

Ta biyu, ita ce wadda na fi jin tsoro a shari'arku. Idan direban ya shiga akwatin shaida don kare kansa, ya yi rantsuwa, ya maimaita maganar da bakinsa a gaban alƙali, to ta tashi daga takarda ta koma shaida, kuma tana iya cin ƙanenka. Sashe na 199 ma cewa ya yi wanda ake tuhuma tare da kai, in ya ba da shaida don kare kansa ta shafe ka, ba a ɗaukarsa a matsayin abokin aikata laifi. Alƙalai dai kan yi taka-tsantsan da irin wannan shaida don sun san mai ita yana da abin da yake karewa. Ribar da ke ciki ita ce a nan lauyanku zai samu damar yi masa tambayoyi: wa ya loda kayan, a wace tasha, lambar wa ke jikin katan, me ya sa aka ɓoye su a ƙasa in shi bai san mene ne ba.

Ta uku, masu gabatar da ƙara na iya cire shi daga tuhuma, ko ya amsa laifi a yanke masa nasa, sannan su kira shi a matsayin shaidarsu. A nan sashe na 198 ke aiki: shaidar abokin laifi karɓaɓɓiya ce, har ana iya ɗaure mutum da ita, amma dole alƙali ya gargaɗi kansa cewa akwai haɗari a yi hukunci da ita ita kaɗai ba tare da wata hujja ta ƙarfafa ta ba.

Sai maganar haɗin baki. Abin da ɗaya ya faɗa ko ya aikata lokacin da ake cikin shirya abin, don a ciyar da shirin gaba, yana iya zama hujja a kan sauran, wannan sashe na 8 ne. Amma bayanin da mutum ya yi bayan an kama shi ba ciyar da shiri gaba ba ne, shiri ya riga ya watse.

Manyan dilolin da kike magana, Hajiya, da bayanan waya da na banki da sa ido ake kama su. Aiki ne mai wahala, shi ya sa takardar iƙirari ta fi sauƙi.

Zee_Fagge
Kenan lauyansu ya tashi ya ce kada kotu ta karɓi takardar direban kwata-kwata, shi ke nan?

Tsohon_Magatakarda
A'a 'yata, nan mutane ke ruɗewa. Na yi shekara ashirin da shida ina zaune a ƙasan kujerar alƙali ina rubuta lambar hujjoji. Takardar za a karɓe ta, a buga mata lamba, a karanta ta a bainar jama'a, domin hujja ce a kan shi direban. Sunan ƙanen Abban Hanifa zai fito a ciki kowa ya ji. Abin da doka ta ce shi ne lokacin rubuta hukunci alƙali ya rufe ido a kanta in ya zo kan mutum na biyu.

To a nan nake da ja da Barista kaɗan. A takarda abin gwanin kyau. Amma alƙali ɗan Adam ne, abin da kunne ya ji zuciya ba ta mantawa. Mu ba mu da masu taya alƙali yanke hukunci irin na Ingila da Amurka, mutum ɗaya ne ke tace hujja, shi ne kuma ke auna ta. Na sha ganin 'yar ƙaramar hujja, wadda da ita kaɗai ce ba za ta tsaya da ƙafarta ba, ta yi nauyi don an riga an ji labarin daga takardar wani. Kotun Ɗaukaka Ƙara takan warware irin wannan, amma kafin a kai can mutum ya ci shekaru yana cin gabza.

LauyanTalakawa
Baba, ban musa ba. Shi ya sa lauya mai hankali tun lokacin da za a miƙa takardar yake tashi ya sa a rubuta a kundin kotu cewa ba ta shafi wanda yake karewa ba, ya sake tunatarwa a jawabin ƙarshe. In masu ƙara suka rufe shaidunsu babu komai a kan yaron sai wannan takarda, sai ya roƙi kotu ta sallame shi tun kafin a ce ya kare kansa.

Ɗalibin_Pune
Abin mamaki, a Indiya inda na yi karatu an daɗe ana wannan rigimar. Dokarsu ta miyagun ƙwayoyi ta 1985 tana da sashe na 67 da ya ba jami'an ƙwaya ikon kiran mutum su ɗauki bayaninsa, kuma shekara da shekaru ana ɗaure mutane da irin wannan bayani, har da waɗanda wani ne kawai ya ambace su. A watan Oktoba na 2020 Kotun Ƙolinsu, a shari'ar Tofan Singh, alƙalai biyu cikin uku suka ce jami'an nan hukuncinsu ɗaya da 'yan sanda, kuma a dokar shaidarsu iƙirarin da aka yi wa ɗan sanda ba ya zama hujja. Wato su har shi mai maganar ba a ɗaure shi da ita, balle wanda ya ambata.

Masu kallon fim ɗin Indiya za su tuna lokacin da aka kama ɗan Shah Rukh Khan a 2021 a samamen wani jirgin ruwa a Mumbai. Ba a samu ƙwaya a jikinsa ba, ya yi kusan wata ɗaya a tsare kafin babbar kotu ta ba shi beli, a 2022 kuma hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta ƙasar ta cire sunansa daga tuhuma.

SarkinYawa
Ɗan Sharukan ke nan da manyan lauyoyi ya yi wata guda. Ina ga ɗan mai shagon sabulu.

BaDamagare
Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada, abin ya sha bamban. Akwai alƙali mai bincike tun kafin a je zaman shari'a, shi ke kiran waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, in maganarsu ta saɓa ya haɗa su gaba da gaba. Iƙirari kuma hujja ce kamar sauran, alƙali ke auna ta da abin da ya gamsu da shi. Ban ce namu ya fi ba, tsarewar jiran shari'a a nan ma tana da tsawo.

Ɗan_Kwanar_Dawaki
Wani abu da ba ku taɓo ba. Yawancinmu direbobi ba mu iya Turanci ba. Kai kana magana da Hausa, wani yana rubutawa da Turanci, a ƙarshe a ce dangwala. Wani abokin aikina da aka taɓa tsarewa a wani ofishin bincike, a kan wata magana daban, sai a kotu ya fara jin abin da aka ce shi ya faɗa. Kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. In aka ce maka faɗi mai kaya ka tafi gida, sunan da ya fi kusa da bakinka za ka faɗa, wato wanda ka fi yi wa dako.

LauyanTalakawa
Wannan magana ta direba tana da tushe a doka. Idan ta bakin tafinta aka ɗauki bayani, dole a kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Sannan dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a kotunan tarayya, sashe na 15 da na 17, ta tanadi a ɗauki iƙirari a bidiyo, kuma a ɗauki bayani a gaban lauyan mutum, ko jami'in hukumar ba da agajin lauya, ko wani da ya zaɓa. An daɗe ana jayayya ko wajibi ne ko zaɓi, amma hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli na 2023 da 2024 sun karkata ga cewa wajibi ne. In kuma mutum ya ce dukansa aka yi ko tsoratar da shi, sai a tsayar da shari'a a yi wata ƙarama a cikinta, masu ƙara su tabbatar da cewa da son ransa ya yi. Sai dai wannan yaƙin na lauyan direba ne, shi ke da takardar.

Zee_Fagge
Ni abin ya tuna mini da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar tiramol da aka maƙala wa sunanta a filin jirgin Kano. Ba don an gano masu yin haka an kama su ba, da Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Suna a jikin kaya ba shi ne mai kaya ba.

Malamin_Lissafi
Ko shari'ar ɗan sandan nan Abba Kyari da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta shigar a 2022 misali ce. Biyu daga cikin waɗanda aka gurfanar tare da shi sun amsa laifi, aka yanke musu hukunci a shekarar, amma hakan bai sa an ce sauran ma sun yi ba, shari'arsu ta ci gaba sai an kawo hujja a kan kowa.

Abban_Hanifa
Na gode ƙwarai. Akwai abin da ban faɗa ba, yanzu lauyanmu ya nuna mini a cikin takardun da masu ƙara suka haɗa. Akwai kiran waya tsakaninsu sau bakwai a ranar da aka tare motar, da kuma naira dubu tamanin da biyar da ƙanena ya tura wa direban kwana biyu kafin nan. Ya ce kuɗin dakon sabulu ne, haka yake turawa kowane zuwa.

Maman_Ikram
To kun gani. Ashe ba takarda kaɗai ba ce.

Tsohon_Magatakarda
Ga irin 'yar ƙaramar hujjar da nake faɗa ta iso.

LauyanTalakawa
Kira da tura kuɗi tsakanin ɗan kasuwa da direbansa ba laifi ba ne, ciniki suka nuna, ba su nuna abin da ke cikin katan ba. Amma Baba ya yi gaskiya, da su za a yi ƙoƙarin jingina takardar. Maganinsu tarihi. Ku je banki ku fitar da bayanan asusu na shekara huɗun nan, a ga ana tura irin wannan kuɗi duk zuwa. Ku nemo rasiɗan kamfanin da ya sayar masa da sabulu da takardar lodi ta wannan tafiyar, a ga katan nawa ya yi oda, katan nawa aka samu. In an saba kira bakwai duk ranar da kaya ke hanya, shi ma a nuna. Kuma don Allah kada wani daga danginku ya je wurin direban ko iyalinsa da sunan sasanci, za a juya shi ya zama neman toshe bakin shaida. Kada ku manta haɗin baki kaɗai a dokar NDLEA ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ne.

AlmajirinZaure
A kuma riƙa tunawa da shi direban a addu'a. Ko ƙarya ya yi, tsoro ne ya sa shi, ko kuma gaskiya ya faɗa. Mu dai ba mu nan.

Ɗan_Kwanar_Dawaki
Alhaji, motar ba ta da yaro ne? Yaron mota shi ke tsayawa a kan lodi, shi ya san wanda ya kawo kowane katan da wanda ya ce a sa shi a ƙasa. Ina yake?

Abban_Hanifa
Akwai yaro. An ce da aka tsayar da motar ya ce zai kama ruwa, ya shiga daji, har yau ba a gan shi ba. Lauyanmu kuma ya ce ya ga lauyan direban suna doguwar magana da mai gabatar da ƙara a harabar kotu bayan zaman da ya wuce. Beli dai an sa ranar sauraro mako mai zuwa, yanzu masu tsaya masa muke nema.